Ɗan Dakon Dutse a Gaban Likitoci

Firijin farko da na hau dutse da shi na wata tsohuwa ce, Hajja Maryam, can saman Tandabawi, unguwar kan dutse kusa da Harami, inda mota ba ta zuwa. Matakala ɗari da ashirin da bakwai daga bakin titi zuwa ƙofarta. Ran nan na ƙirga, ban sake ƙirgawa ba, ƙafa ta haddace. Shekarata goma sha tara. A matakala ta arba'in murfin firijin ya buɗe ya make ni a kunne, don ban ɗaure shi ba. Baba Tanko, wanda ya koya mini aikin, yana biye da ni, hannuwansa a baya. Bai taɓa kayan ba. Cewa kawai ya yi, "Ka ji ko? Gobe ka ɗaure."

Ku samarin da ke zama a bakin kantin unguwa, masu kai wa mutane kaya a mota da waya a hannu, da ku nake. Na ji ɗayanku yana cewa dako ba sana'a ba ce, jaki ma yana yi. Wani ya ce Ammu Haruna, wato ni, ya ji daɗi, yana kwance ya aika a nemo masa tallafin gwamnati. To ku saurara. Shekara talatin da takwas na yi ina dako. Da bayana ya ƙare, ba abin da zan riƙe gida da shi sai in likitocin gwamnati sun rubuta ni cikin waɗanda suka kasa aiki. Neman wannan rubutun ya fi ba ni wuya a kan duk kayan da na taɓa ɗauka, kuma sana'ar ce da kanta ta tsaya mini a hanya.

Kayan aikinmu uku ne. Igiya, matashi, takalmi.

Igiya ta auduga ce mai kauri, gaba shida. Ta roba ba ta yi, in gumi ya jiƙa ta sai ta zame. Ana zagaya ta ƙarƙashin kaya, a kawo ta kafaɗu, a haɗe a ƙirji da ƙullin da hannu ɗaya zai iya warwarewa. In kaya ya rinjaye ka, ka ja bakin igiyar, kaya ya tafi, kai ka tsaya. Wata uku Baba Tanko ya yi bai bar ni na ɗauki komai mai tsada ba, sai da na iya ƙullin ido a rufe.

Matashin baya da kanmu muke ɗinkawa, da tsohon haramin da alhazai ke bari in sun gama aikin Hajji. Harami yana shan gumi, ba ya cin fata. Ka ninka guda uku, ka cusa a buhun shinkafa, ka ɗinke da basilla. Duk shekara bayan Hajji muke sabuntawa. Takalmi kuwa mai rufe ƙafa, mai ƙasan roba. Matakalar dutse kullum a jiƙe take da ruwan wankin da ke gangarowa daga gidajen sama, ga kashin awaki. Na ga Baba Tanko ya kori ƙato mai ƙirji kamar ƙofa don ya zo aiki da silifa.

Wani injin wanki na kai wa wani Bayamane, injin ne ya koya mini kada ido ya auna mini kaya. Ƙarami ne, na raina shi, ashe akwai siminti a cikinsa. Tun daga ranar nake girgiza kaya kafin in yi ciniki. Firiji a tsaye ake kai shi, in ka kwantar ka ɓata wa mai shi. Tukunyar gas biyu ta fi ɗaya sauƙi, suna daidaita juna. Kabad ba nauyi ne matsalarsa ba, lungu ne. Sai ka san tun daga ƙasa a wace kwana za ka juya da gefe, don in ka shiga da shi a karkace ba gaba ba baya, ga mata da yara sun taru a bayanka suna jiran hanya, wata tana ce maka, "Ya hammal, kai ɗan dako, a nan za mu kwana?"

Ba a sauke kaya a tsakiyar hanya. In ka sauke, ba mai ɗora maka. Akwai katangu masu tudu daidai ƙugu, mun san su ɗaya bayan ɗaya. Ka juya baya, ka ɗora gindin kayan a kai, ka yi numfashi goma, ka wuce. Kuma hawa ba shi ke kashe ɗan dako ba. Sauka ce. A hawa kaya yana bayanka yana binka. A sauka tura ka yake, kowace matakala gwiwa da ƙugu ne ke tare shi.

Mutum ma mun ɗauka. Wani dattijo, jikan Jawawa, alhazan gabas mai nisa da suka zauna nan, ya faɗi a banɗaki ƙugunsa ya karye, motar asibiti tana jira a ƙasa. Ni da Isufu muka ɗaure shi a kujerar katako. Isufu abokin aikina ne, mutumin Damagaram, ya zo Hajji yana saurayi ya zauna, ba shi da takardar zama har yau. Ni kakana ne ya zo daga Kano da ƙafa, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, ina da katin ɗan ƙasa. Shi ya sa Isufu ke kirana Bakanon da bai taɓa ganin Kano ba.

Na gaba shi ke shan nauyi a sauka. Isufu ya ce, "Bakano, shiga gaba. Ku ne masu ƙasa."

Na ce, "A dako ma sai kun bar mana wahala?"

"In ka faɗi akwai asibitin da zai karɓe ka. Ni fa?"

Na shiga gaba. Dattijon yana salati, yana zaginmu, yana komawa salati. Da muka kai ƙasa ya kama hannuna ya ce bai ji ko girgiza ɗaya ba. Ƙarya yake, amma ya biya da kyau.

Yanzu ga abin da ya fi igiya da matashi. A bakin matakala muke tsayuwa, mu takwas ko goma, mai kaya ya zo da dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya zaɓa. Ba fuska yake kallo ba, tafiyarka yake kallo daga inda kake zuwa inda yake. Taku ashirin ne. In ya ga ɗingishi, ko ka dafa ƙugu, ko ka yamutsa fuska wajen miƙewa, ya tsallake ka, kuma gobe duk dutsen ya ji cewa wane ya gama. Ba mai ba wa gurgu firijinsa.

Na ga ranar da tukunyar gas ta faɗo wa Baba Tanko a babban yatsa. Da ya cire takalmi a bayan kanti, yatsan ya yi baƙi kamar dabino. Mota ta tsaya. Ya mayar da takalmin, ya ɗaure, ya taka zuwa wurin mai kaya kamar ango. Da ya dawo ya ce mini, "Ciwon ɗan dako a gida yake kwana. Ba a fitowa da shi." In an tambaye ka jiki, ka ce garau. In kaya na ƙasa, kai ka fara kai hannu. Na riƙe wannan. Ya ciyar da ni, ya aurar da ni, ya sa 'ya'yana a makaranta.

Muguwar shekara ita ce wadda aiki ya fi yawa. Aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen dutse, za a rushe. Mutanen da muka yi shekaru muna hawar musu da kaya, duk suka tashi saukowa a lokaci guda. Sauka, sauka, sauka, tun bayan asuba har magariba. Firijin da na kai sama ina saurayi, wasu ni na sauko da su da furfura. Ba wanda ya ƙi aiki, mun san in an gama ba sauran matakala. Wata rana da hantsi, bayan na sauke na'urar sanyaya ɗaki ta huɗu, na sunkuya in ɗauki igiyata a ƙasa. Igiya kawai. Wani abu ya tsaga mini baya har dunduniyar hagu. Na miƙe, na duba ko an gani. Ba a gani ba. Na koma sama.

Dutsen ya tafi. Muka koma haya a unguwar Utaibiyya, ni da iyalina, Isufu ma ya sami ɗaki a can. Na ci gaba da lodi a kasuwar tsofaffin kayan ɗaki, ina shan ƙwayar rage ciwo, biyu da safe, biyu da azahar. Shekara huɗu a haka. Sai ƙafar hagu ta fara mutuwa, in taka ban san na taka ba. Ranar da na faɗi da katifar wani a kaina, katifa fa, a gaban mutane, na naɗe igiyata na tafi gida.

'Yata Safiya ce ta ɗauki maganar tallafi. Tana aiki a shagon ɗinkin mata, ita ke riƙe da mu a lokacin, ga nata 'ya'yan. Ni ban yi makaranta ba, ita ta cike komai a waya. Ta kai ni asibiti aka tura ni cikin wata na'ura kamar kabari aka ɗauki hoton baya. Aka ba mu rahoto. Aka sa mana ranar ganin lajana, wato likitocin da ke zama su duba mutum su yanke ko ya cancanta.

Ranar na yi wanka, na sa farar riga mai guga, na sha ƙwaya uku. Da muka isa na bar sandata a mota. Safiya ta ce, "Baba, sandar." Na ce ba nisa.

Likita uku ne a bayan tebur. Daga ƙofa zuwa kujera bai fi taku goma ba. Na ga ido shida a kan ƙafata, jikina ya yi abin da ya saba. Na taka tsaf.

Na tsakiya ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, yaya jiki?"

"Alhamdu lillahi, garau."

"Bayan yana damunka?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Za ka iya sunkuyawa?"

Na sunkuya. Wuta ta kama ni daga ƙugu zuwa ƙafa, fuskata ba ta nuna ba. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

Da a nan aka tsaya, wataƙila hoton ya yi mini magana. Amma a bakin ƙofa akwai na'urar ruwan sha, babbar gorarta ta ƙare, wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙarama da ita, tana ta kokawa da sabuwa ta kasa ɗagawa. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Kaya na ƙasa. Na ce mata matsa, 'yata. Na rungumi gorar, na juya ta, na kafa ta a bakinta, ko ɗigo bai zuba ba. Ta yi godiya. Na juyo, na ga likitan tsakiya yana rubutu.

Safiya da Larabci take magana kullum, Hausarta ba ta fitowa sai ranta ya ɓaci. A mota Hausa ta fito tsaf.

"Baba, takardar rashin lafiya muka zo nema ko aiki?"

"Yarinyar ta kasa ne."

"To da ka tambaye su ko akwai sauran kaya a sito!"

Kwana biyar ban tashi daga shimfiɗa ba. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayarta: ba a amince ba, mai nema yana iya aiki. Ban ga laifinsu ba. Abin da na nuna musu suka rubuta.

Isufu ya ji labari ya zo bayan la'asar. Shi ma bayansa ya daɗe da tafiya, aswaki yake sayarwa a kan tabarma a ƙofar masallacin unguwa. Ya zauna a bakin shimfiɗata, ya sha shayi, sannan ya fara.

"An ce ka ɗora musu ruwa."

"An ce."

"Sun biya?"

Na juyar da fuska bango.

"Bakano, wauta gadonku ce, na sani, amma taka ta yi yawa. Can bakin matakala ne? Akwai mai dabbab a cikinsu?"

"Mutum ya tsaya gaban maza ya ce ya gama?"

"Ka gama mana. Ni ma na gama. Bambancinmu, ni ba lajanar da za ta kira ni. Ko na rarrafa na je, a ƙofa za a tambaye ni takarda. Kai an kira sunanka, an ba ka kujera, likita uku sun bar aikinsu suna jiran ka buɗe baki, ka je ka yi musu tallan ƙarfi." Ya ajiye kofin. "Yarinyar nan idonta ya fara lalacewa a kan keken ɗinki. Kai ka sani."

Ya tashi da ƙyar ya fita. Da Safiya ta dawo na ce mata in akwai hanyar komawa, ta nema. Ta ce akwai, ana ɗaukaka magana a sake zama, amma in wannan ya wuce kada in sa rai da wani nan kusa. Ta ce, "Da sharaɗi. Ba ƙwaya. Sanda a hannu. Kuma ko gini ya faɗo, ba ruwanka."

Zama na biyu wasu likitocin ne, babbarsu mace, mai gilashi, ta kusa sa'ata. Na shiga da sanda, ƙafar tana jan ƙasa. Wannan kam na iya, barin jiki kawai na yi. Baki ne ya ƙi.

Ta ce, "Ya ammi, ciwon yana hana ka barci?"

"Da sauƙi."

"Tafiya fa?"

"Ana taɓawa."

Na ji Safiya ta ja numfashi a bayana. Ba taurin kai nake ba. Kalmar tana zuwa maƙogwaro sai ta juya ta fito da wata. Likitar ta buɗe takardun zaman farko ta karanta, ta dube ni ta saman gilashi.

"Kai ne mai gorar ruwa."

"Ni ne."

Ta rufe takardun. Ta ce, "Yaya kake salla?"

Ban shirya wa wannan ba. Ana ce wa mai kaya garau, ana ce wa maƙwabci da sauƙi. A kan salla ba a faɗin abin da ba shi ba.

Na ce, "A zaune."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wani abu. Ruku'u da sujada da kai nake yi. In na kai ƙasa ba na tashi sai an ɗaga ni."

"A masallaci?"

"A gida. Kujerun masallaci a gefen sahu suke, kowa yana gani."

"Juma'a fa?"

"Tasi nake shiga in tafi unguwar Shisha. Akwai masallacin da ba a san ni ba."

Safiya ba ta san wannan ba, ta ɗauka ziyara nake zuwa. Ban juya na dube ta ba. Da bakin ya buɗe kuma sai sauran ya biyo. Na faɗa musu ba na iya sa wa kaina takalmin hagu. Na faɗa musu rabona da ɗawafi da ƙafata tun kafin in bar kasuwa, ga Harami nan kusa, ina jin kiran sallarsa in iska ta juyo. Na faɗa musu katifar da ta kayar da ni.

Aka kwantar da ni a gado. Likitar ta ce in rufe ido, in na ji tsini in faɗa. Na ji a ƙafar dama, na faɗa. Na jira na hagu. Shiru. Na ce, "Likita, ki ci gaba mana."

Ta ce, "Sau huɗu na soka."

Ta yi rubutu mai tsawo. Da za mu fita na ga kwalin takardu a ƙasa kusa da ƙofa, ya tare rabin hanya. Hannuna ya motsa. Safiya ta riƙe mini hannun riga, muka zagaye shi.

Saƙon ya zo ranar wata Talata da hantsi. An amince. Safiya ta karanta mini sau biyu, ta fassara da Hausa ko da yake na ji Larabcin. Ba dukiya ba ce, kada ku ɗauka wani abu ne. Amma tana shigowa kowane wata, haya ba ta kan yarinyar nan ita kaɗai, ta daina ɗinkin dare.

Da aka kira azahar na yi alwala, na ɗauki sanda, na fita. Ban tsayar da tasi ba. Masallacin unguwa na nufa, a gabanku na wuce, kuna bakin kanti, kun ga yadda ƙafar ke ja. Na shiga na bi gefen sahu inda kujeru suke. Huɗu ne. Isufu yana kan ta biyu, ya ɗora buhun aswakinsa a kan ta uku. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi sandar. Ya sauke buhun.

"Zauna a wannan, Bakano. Ta ƙarshen ƙafarta na rawa."

Aka ta da salla. Na jingina sandar a bango, na zauna.